Ranar da Na Yi wa Manyan Garinmu Wanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe tankin ruwan garinmu ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen garin sun yi alkawarin ba za su bar ni ba. Yau ina da furfura a gemu, ina da yaran da nake koya wa aiki, amma da zarar na sauka daga mota a bakin kasuwa sai wani ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya dube ni ya yi murmushi. Ni na san abin da yake nufi, shi ma ya san na sani.

Abin ya faru ne ’yan shekaru bayan an ƙaddamar da Shari’a. Na gama difuloma a fannin lantarki, na yi ’yan watanni ina koyon aiki a wata masana’anta a Kano, inda na ga manyan injina suna tashi da kansu suna tsayawa da kansu ba wanda ya taɓa su. Daga nan na dawo garinmu a ƙasar Sandamu, babu aikin yi, aljihu fayau, amma baki cike taf da kalmomi. Kwantakta, rile, obalod, sta-delta, taima. Ina son kalmomin nan kamar yadda sabon ango yake son a tambaye shi labarin amarya. Ko rediyon Inna ce ta ƙi kamawa, ba zan ce batir ya mutu ba, sai na ce boltej ya yi ƙasa. Mai injin niƙan unguwarmu ya taɓa tambayata dalilin da ya sa injinsa yake zafi, na tsaya na yi masa bayani har matan da suka kawo niƙa suka fara sauke ƙwarya suna zama. Da na gama ya ce Allah ya ƙara basira, ya je ya kira wani. (A lokacin na ɗauka hassada ce.)

Baba kuwa bafataken dabbobi ne, mutum ne mai ƙarancin magana. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. “Yaron nan” ne, ko “wancan”. Bai taɓa yabona a gaban mutane ba, in ma wani ya yabe ni sai ya kau da kai ya shiga zancen tsadar dusa. A majalisarsu kuma ana yi masa shaguɓe, ana cewa wasu sun sayar da sa sun sayo Turanci. 

To a shekarar ne ƙungiyar ci gaban gari ta haƙa rijiyar burtsatse kusa da masallacin Juma’a, aka zura injin jan ruwa a ciki, aka kafa dogayen ƙafafun ƙarfe aka ɗora baƙin tanki a sama. Matsalar da ta rage ita ce dole sai an sami mai zaman gadi, ya kunna in ruwa ya ƙare, ya kashe in ya cika. Wani ya kawo shawarar a ɗauko mai aiki daga Kano ya sa na’urar da za ta riƙa yin haka da kanta. Ana cikin wannan shawara a ƙofar gidan Dagaci, sai Baba, wanda ko sa ba ya yi wa shaida sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya yi gyaran murya.

“Yaron wajena zai iya. In bai iya ba, ni za a tambaya.”

 Uba ya ajiye kara ya tsaya wa ɗan fari a bainar jama’a, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Da labarin ya iso ni, maimakon jikina ya yi sanyi in san an ɗora mini kaya, sai kaina ya ƙara girma. Washegari na tafi Daura na sayo farar hular kwano.

Bari in yi wa kaina adalci, aikin na yi shi da kyau. Kuma tun da yanzu na iya bayani, ga yadda abin yake. Akwai wani ɗan gora na roba mai wutsiyar waya da ake zurawa cikin tanki. In ruwa ya yi ƙasa, goran yakan rataye kansa a ƙasa, sai ya ba da hanya wuta ta wuce, inji ya tashi. In ruwa ya cika ya ɗago shi sama, sai ya yanke hanyar, inji ya tsaya. Shi ke nan fa. Sauran kayan, wato kwantakta mai haɗa babbar wuta da obalod mai kare inji daga ƙonewa, suna cikin akwatin ƙarfe da na kafe a bangon ɗan ɗakin da aka gina a gefe. A murfin akwatin akwai maɓalli kore da ja, da wani makunni mai mukulli da ake murzawa zuwa aikin hannu, ko kashewa, ko otomatik. Na gwada, tanki ya cika, na ji kwantakta ta yi ƙas, inji ya tsaya. Na tsaya ni kaɗai ina yi wa kaina tafi.

Wanda aka ba kula da wurin shi ne ladan, Malam Haruna, tun da shi ne kullum a masallaci. Dattijo ne mai tsananin riƙon amana, irin mutanen da in ka ce su riƙe maka akuya zuwa la’asar ka manta, za ka same su da igiya a hannu har magariba. Ranar da nake ɗaura goran, ya tsaya a gindin tsani ya tambaye ni cikin ladabi, wai mene ne amfanin wannan abin mai kama da buta. Da na ce masa gora ne mai gane cikar ruwa, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma ina! Sai na gyara hular kwano na ce masa wannan fulot suwic ne, shi yake ba koyil ɗin kwantakta siginal ta nomali kulos. Ya ce to, madalla. Na ga alamar bai gane ba, kuma (Allah ya yafe mini) hakan ya yi mini daɗi. Na ƙara da gargaɗi mai zafi, har da ɗaga yatsa:

“Allah gafarta Malam, abu ɗaya nake so ka riƙe. Duk abin da ka ga waya a jikinsa a wurin nan, kada ka bari ruwa ya taɓa shi. Ko ɗigo.”

Ya ce in sha Allahu ya riƙe.

Ban tsaya nan ba. Mai aikin famfo ya so ya sa bututu a wuyan tankin, wanda in ruwa ya yi yawa zai bi ta ciki ya zuba can gefe. Na hana. Na ce wannan aikin mutanen da ne, tankin da yake da otomatik ba ya ambaliya, sa masa bututu ma cin fuska ne ga ilimi. Da aka zo shirin bikin buɗewa ana neman inda za a jera kujerun manyan baƙi, don lokacin bazara ne, rana kamar ta fasa kai, ni da bakina na ce a jera su a inuwar tankin, daidai ƙarƙashinsa. Na ce hakan ne zai nuna wa duniya mun yarda da aikinmu. Na kuma ba da shawarar a ɗaura wa mukullin akwatin ɗan kyalle mai kyau, a miƙa wa babban baƙo, ya murza da hannunsa, ya riƙe shi na ɗan lokaci don girmamawa. Duk aka yarda, ana cewa yaron nan akwai tsari.

Ana gobe biki, Malam Haruna ya ce ba zai yiwu baƙi su sha ruwan sabon tanki ba a wanke shi ba, ya hau ya wanke shi tas. Da safe na zo na kunna inji da aikin hannu don mu cika shi ya rage kaɗan, yadda zai ƙarasa cika ya tsaya a gaban jama’a. Ya kamata in hau in duba da idona. Amma na riga na sa sabon koti da na aro, ga takalmi ya sha mai, ga tsani duk tsatsa. Sai na ce Malam Haruna ya hau ya riƙa leƙawa. Can ya ƙwalo mini cewa saura kamar kamu ɗaya, na kashe, na tafi neman madubi.

Jama’a sun taru fiye da zato. A shekarun nan an rage kiɗe-kiɗe da wasannin dandali, don haka ko buɗe famfo aka ce za a yi, gari yakan fito kallo. Maza a gaba, mata can gefe ƙarƙashin darbejiya, ’yan agaji suna tsakani suna gyara sahu. (Ku lura da wurin zaman matan nan. Ba wadda ko ɗigo ya taɓa, kuma ba abin da ya wuce su.) A inuwar tanki ga wakilin Hakimi cikin farar shadda mai aiki har ƙasa, an naɗa rawani an kawo shi gaban goshi, ga Dagaci, ga Liman, ga shugaban ƙungiya. Baba aka ba kujera a ƙarshen layi, yana zaune ya sunkuyar da kai kamar ba ɗansa ake jira ba. An yi hayar janareta, domin wutar gwamnati a garinmu baƙuwa ce, shi yake ba inji wuta, shi kuma yake riƙe da lasifika.

Aka yi addu’a, aka yi jawabai, aka miƙo mini makirfo in yi bayani a taƙaice. Jama’a, na yi bayani. Na fara daga yadda wuta take shiga sakit bireka, na bi ta kwantakta, na sauka kan obalod rile. Na kawo zancen sta-delta, wanda injinmu ko kusa ba ya buƙata, don dai kada kalmar ta yi kwantai. Na ga Liman yana jan carbi da sauri, wakilin Hakimi yana gyaɗa kai irin na wanda barci yake fizga. Na rufe da cewa daga yau ɗan Adam ya huta, inji zai yi tunani da kansa, kuma duk wanda ya ga ɗigon ruwa ya zubo daga tankin nan, ya canza mini suna.

Wakili ya taso, aka yi bisimilla, ya murza mukulli zuwa otomatik, ya zare ya jefa a aljihu kamar yadda na tsara, ya koma kujerarsa. Inji ya tashi. Aka yi kabbara. Na ce kowa ya yi shiru ya saurara, yanzu za a ji ƙas. Na harɗe hannu a ƙirji, na juya gefen da mai hoto yake.

Muka saurara. Shiru, ba ƙas. Na ce a ƙara haƙuri, siginal yana hanya.

Ɗigon farko a kan takardar jawabin shugaban ƙungiya ya sauka. Ya duba takardar, ya duba sama. Kafin ya buɗe baki, murfin tankin ya ɗaga, ruwa ya kwararo ta kowane gefe. Kuma ba farin ruwa ba, don kafin ya iso ƙasa sai da ya wanke katakon da tankin yake kai, ya kwaso ƙura da tsatsa da kashin tantabarun masallaci. Rawanin wakili ya sha ruwa ya zamo ya rufe masa ido ɗaya. Dagaci ya miƙe, rigarsa ta maƙale a kujera, ya tafi da ita. Liman yana salati yana ɗaga littafinsa sama, wato daidai inda ruwan yake fitowa. Mai gabatarwa kuwa, maimakon ya ajiye makirfo, sai ya ci gaba da sanar da jama’a abin da suke gani da idonsu.

Na ruga na danna jan maɓalli. Inji ya tsaya, ruwa ya tsagaita. Na ja numfashi, na juyo na ɗaga hannu ɗaya na ce, ranku ya daɗe, ’yar matsala ce ta fasaha, an shawo kanta, a koma a zauna. Kuma bayin Allah nan, don kara da mutunta Baba, suka fara komawa suna matse hannun riga. Na saki maɓalli na tako zuwa wurinsu.

Ashe yadda na haɗa wayoyin, in akwatin yana kan otomatik, jan maɓalli ba ya riƙe inji sai in yatsa yana kansa. Ina saki ya sake tashi. Tanki kuwa a cike yake fal, ba ya buƙatar jira. Wanka na biyu ya fi na farko, domin wannan karon sun ɗago fuska suna saurarona.

Na koma da gudu na danna, na tsaya. Mafita ita ce a murza makunni zuwa kashewa, ko a buɗe akwatin a sauke babbar wuta, duka biyun kuma sai da mukulli. Mukulli yana aljihun wakili, wakili kuwa dogarinsa ya riga ya ja shi zuwa mota ana tsane masa rawani. Ga ni nan tsaye da koti da hular kwano, babban yatsa a kan jan maɓalli, in na saki ruwa, in na tsaya kunya. Daga ƙarƙashin darbejiya ina jin dariyar da ake ƙoƙarin dannewa da bakin mayafi tana ƙwacewa. Duk kalmomin da na haddace ba wadda ta zo ta cece ni. Na yi tsuru-tsuru, ina roƙon Allah ya kawo ko da guguwa ce ta watsa taron.

Sai ga Baba ya tako a hankali, jiƙe sharkaf, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Bai dube ni ba, bangon ya duba, ya ce a ƙasa-ƙasa, “In an kashe janaretan fa?”

Aka kashe. Lasifika ta mutu a tsakiyar maganar mai gabatarwa, wannan ce kaɗai rahamar da na gani a ranar.

Na cire koti na hau tsanin da na ƙi hawa da safe. A bayan tanki, ta wajen da ba a gani daga ƙasa, na tarar da gorana a rataye a jikin ƙarfe, kansa a ƙasa, an naɗe shi cikin leda, an sake naɗewa da wata, an ɗaure da zare tsaf. A bushe yake ƙayau. Tun jiya yake nan yana shaida wa inji cewa tanki ba ko ɗigo. Na sauko da shi a hannu, na ɗaga murya ina tambayar wane ne ya yi wannan aika-aika. Malam Haruna ya matso, hankalinsa kwance, fuskarsa ma har da ɗan alfahari.

“Ni ne, Injiniya. Da na shiga wanki na gan shi tsamo-tsamo cikin ruwa, ga waya a jikinsa. Na ce lalle mantuwa ka yi. Na tsamo shi na goge, na adana maka. Ai ka ce ko ɗigo.”

 Kowa a wurin ya san na faɗa, don ba sau ɗaya na faɗa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai ni nawa ruwan ya haɗa da Dagaci da Liman.

Abin da ya fi damuna ba dariyar ba ce. Ina kallo Baba ya bi manyan nan ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana ba da haƙuri, mutumin da a kasuwa in ya ce sa lafiyayye ne ba mai sake dubawa. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Na koma gida ta bayan gari, na shige ɗaki. Inna ta aiko mini da fura, ta ce a gaya mini ba ta sa ruwa da yawa ba, ta san na ƙoshi da shi.

Bayan la’asar Baba ya sa aka kira ni zaure. Na zauna a ƙasa ina jiran faɗa. Sai ya turo mini goran da ƙafa, ya ce in gaya masa aikin abin nan, amma yadda zan gaya wa mai sayar da shanu. Na ce, Baba, gora ne. In ruwa ya ɗaga shi, inji ya tsaya, in ruwa ya sauke shi, inji ya tashi. Dole sai yana cikin ruwa. Ya tsaya jiran ci gaba. Na ce ai shi ke nan.

“Shi ke nan?”

Na ce shi ke nan.

Ya daɗe yana kallon goran, sannan ya ce, “To wannan ne ya gagare ka faɗa wa ladan? Ni na tura ka ka koyo mana ne, ban tura ka ka koyo ka ɓoye mana ba.” Ya miƙe ya saɓa rigarsa da aka shanya, ya ce in taso, maganar da ya yi a ƙofar Dagaci tana nan, bai janye ba.

A yammacin nan muka koma. Na mayar da goran cikin tanki a gaban Malam Haruna, na ba shi haƙuri, na nuna masa da bokiti da ruwa yadda yake aiki. Ya ce au, ashe ɗan wannan ne, da ka faɗa. Na gyara wayar jan maɓalli, na kuma je da kaina na roƙi mai aikin famfo ya zo ya sa bututunsa, ya zo yana ta yi mini gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Da tanki ya cika aka ji ƙas, ba wakili, ba mai hoto, daga ni sai ladan sai Baba da ’yan tsirarun da suka fito sallar magariba.  Baba dai ya je ya buɗe famfo, ya yi alwala, ya shiga masallaci.

Tun daga ranar, duk inda na kafa akwatin wuta, ba na tafiya sai mai gadin wurin ya maimaita mini aikin kowane abu da Hausarsa, in bai gane ba na san ni ne ban iya ba. Kwantakta da rile ina nan ina son su, amma a tsakanina da abokan aiki. Na kuma koyi cewa komai yardarka da aikinka, ka jera kujerun manya nesa da tanki.

Suna kuwa, tun da ni na ce a canza, an canza. Injiniya Marka ake ce mini. Har yau in damina ta yi jinkiri aka fara shawarar fita roƙon ruwa, sai an sami wani dattijo ya ce a dakata tukuna, a fara aika mini in zo in yi jawabi.